Hita ta Gumaka Ce

Tana jin takun baƙi, mai sayar da tikiti ta ja bargo har wuya, ta ƙame.

A gidan tarihin nan ɗaki ɗaya ake kunna wa hita mai ɗumama wuri, wanda aka jera gumakan mutanen da a cikinsa, don kada sanyi ya lalata musu tufafi. Ma'aikata kuwa ko oho. Tunda ƙanƙara ta toshe hanya ba wanda ya leƙo, shi ya sa ta tsallake igiyar da ta kewaye kayan ta kwanta a kan wani gado na tarihi, kusa da gunkin wani tsoho da hula ta rufe wa fuska. In manaja ya ji, aikinta ya ƙare. Ko tari ya hana a yi kusa da kayan.

Baƙin nan, wata dattijuwa ce da 'yarta. Sun ga ba kowa a ƙofa, suka shigo abinsu.

"Kai, Mama, dubi wannan! Kamar mai rai."

"Wane rai? Wanda ya sassaƙa ta ko hanci bai iya ba. Mutanen da dai sun sha fama da muni."

Mai tikitin ta haɗiye zagin tare da atishawar da ke taso mata.

Da suka fita ta yi ajiyar zuciya, ta yunƙura za ta sauka. Sai gunkin tsohon ya ɗaga hula. Manaja ne, idanu jajur.

"Malama, in tafiya za ki yi, bar min bargon," in ji shi. "Kuma taka a hankali. Wancan mai sandar mai gadi ne, yanzu barci ya ɗauke shi."