Kalmar da Babu a Katunan Anti Inga

Maƙwabciyarmu a unguwar Brickfields, Anti Inga, 'yar ƙasar Latbiya ce. Tana koyon Turanci da ƙananan katuna da take liƙawa a jikin kayan ɗakinta: ƙofa, firji, tukunya, kowanne da sunansa a harsuna biyu. Ni kuwa, ɗan firamare, nakan kwaikwayi maganarta ina dariya.

Wata rana da la'asar ta buga ƙofarmu da ƙarfi, ɗanta a kafaɗa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta riga ta kira asibiti, sai ta miƙo mini wayar. Ta san sunan cokali da na taga, amma ba ta san kalmar numfashi ba.

"Gaya musu yaro ba ya iya numfashi," in ji Umma. "Kai, buɗe baki mana."

Turancin da nake taƙama da shi ya gudu. Na tsaya ina kallon wani kati da ya manne a gwiwar hannun Anti Inga, mai sunan tukunya. Sai da Umma ta murɗe mini kunne kalmar ta fito.

Yaron ya rayu. Har yau, in na ji wani yana laluben kalma, kunnen nan nawa yakan yi zafi.