Agogon Gwaji a Hannunta

Injiniyar tana ɗaure da agogon da suke ƙerawa, mai gane damuwar mutum daga bugun zuciyarsa, sai abokin aikinta ya shigo da takarda.

"An ba ni aiki a wani gari. Jibi zan tafi."

"Allah ya sanya alheri," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Amma layin da ke kan kwamfuta ya harba sama, ya koma ja. Duk suka gani. Ta ji kamar ta nutse.

Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Ke nake tambaya, ba na'ura ba. In zauna?"

Ta jima tana murza bakin mayafinta.

"Baba yana gida ranar Asabar," ta ce. "In aurena kake so, ka zauna. Ka turo kawunka."