Masuntan da Suka Amsa Tambaya

Ke da kike shirin fita naki binciken, tsaya ki ji. An yi wani ɗalibin digiri na biyu da aka tura ƙauyen masunta, ya tambayo mutum ɗari yadda suke adana kifi. Ya auna nisan hanya, ya tuna sauron bakin kogi, ya ce da sake. Sai ya shiga ɗakin karatu, ya kakkaɓe wani kundin bincike kan masunta, na shekara arba'in, da gara ta fara ci, ya kwashe sunaye da amsoshi tsaf, ya sauya kwanan wata. Malamin da ke duba shi ya auna aikin a tafin hannu, ya ji nauyi, ya ce, "Madalla, ka sha wuya," ya rattaba hannu. An ma yi masa alkawarin aikin koyarwa, takardar kawai ake jira.

Ranar kare kundinsa ya sha babbar riga, ya jera wa malamai lemo, yana ta "kamar yadda bincikena ya nuna." Baƙon farfesan da aka gayyato, wani tsoho siriri, bai taɓa lemon ba. Ya buɗe jerin sunaye, yatsansa ya tsaya a lamba arba'in da ɗaya.

"Ɗana, wannan Ladingo, ka ce bara ka zauna da ita?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Har fura ta dama mini."

Tsoho ya cire tabarau. "Mahaifiyata ce. Da hannuna na sa ta a kabari. Tun da aka datse kogin ruwa ya shanye garin, kabarin ma sai dai ka ratsa samansa a kwalekwale. Ka fi ni sa'a. Ta tambaye ni?"

Fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙa babbar riga sharkaf. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya koma lamba ɗaya, ya soma kiran sunaye a hankali kamar mai jiran a amsa. Tanko Maikoma, Allah ya jiƙansa. Barmani mai banda, Allah ya jiƙanta. Malamai suka tsinci kansu suna cewa amin, wanda ya rattaba hannu ya fi kowa ɗaga murya. Kafin a kai lamba goma, ɗalibin ya san digiri da aiki sun bi ruwa. Dama Hausawa sun faɗa: ramin ƙarya ƙurarre ne.