Majinyacin da Ke Tsoron Kwalba

Ranar Talata da hantsi aka turo shi ɗakin masu karaya na maza. Mota ce ta kife da shi a kan hanya. Babu salula a jikinsa, babu kati, babu ɗan'uwa a biye. An ɗaure masa muƙamuƙi da ƙarfe yadda ko kalma ɗaya ba ta fita, hannun dama na cikin filasta, ƙaurin hagu a tsage har ana hango ƙashi. Likita ya faɗi magana a taƙaice: in ciwon ya zauna da tsafta, ƙafa ta tsira, in ya ruɓe, sai yanka.

Ƙarƙashin faratansa akwai shuɗin da wanka bai fitar ba. Ma'aikatan jinya suka kalla, suka sa masa suna Marini.

Ɗakin na Babbar Sista ne, macen da ke kallon ƙazami kamar yadda ake kallon kyankyaso a miya. Ita ta sa aka rataya kwalbar ruwan goge hannu a jikin kowane gado. Sabon kawowa ne, shuɗi, mai ƙamshi, kuma kowa na yaba shi saboda ba ya zafi a kan ƙujewa, ba ya busar da fata irin na da. Famfo da sabulu suna can ƙarshen baranda, kuma tun zuwan kwalaben ba wanda ya ƙara wahalar da ƙafarsa. Safar hannu ba ta wadata ba, don haka ake goge ta da ruwan a wuce gado na gaba. Almakashi ma haka, tiren aiki ma haka.

Raunuka sun ɗan jima suna lalacewa a ɗakin. Sista ta san masu laifi: 'yan'uwan marasa lafiya, da tabarminsu da kwanukansu. Ta hana su zama a bakin gado.

Wata matashiyar nas da ake ce wa Doguwa ce ta zo wanke ciwon Marini karo na farko. Ta matsa kwalba, ta murza tafi, ta murza baya, ta bi tsakanin yatsu har babban yatsa, daidai da hoton da ke manne a bango. Marini ya zaro ido. Ya hau gurnani, yana jan ƙafa, yana nuna baranda da hannun hagu.

"Baba, lafiya? Tsafta ce fa, ba wuta ba," in ji Doguwa.

Sista ta leƙo, ta taɓe baki. "Na san irinsu. Mutumin da ruwa bai taɓa jikinsa sai hadari ya ritsa da shi, ina zai san magani? Ku danne min shi."

Aka danne shi.

Doguwa mai tausayi ce daidai gwargwado. Washegari ta kawo masa biro da takarda, ta ce ya rubuta abin da ke damunsa ko da hagu ne. Ya riƙe biron yadda masu karatu ke riƙewa. Ya kalli takardar, ya kalli kwalbar, ya daɗe yana kallon Sista. Sannan ya saki biron ya faɗi ƙasa.

"Ga ƙazanta, ga jahilci," in ji Sista. "Allah ya haɗa masa."

Da ya kai hannu ya ture kwalbar ta fashe, sai aka ɗaure hagun da bandeji a jikin ƙarfen gado. A ranar, da yake babu kwalba a gadon, Doguwa ta tafi famfo tana tsaki, ta wanke hannu da sabulu, ta sa sabuwar safa. Marini ya kwanta lakwas kamar jariri har aka gama. Sista ta ce wannan ya nuna iskanci ne kawai, ba ciwo ba. Ta sa aka rataya masa kwalba biyu.

Ciwon ya fara ruwa. Daga ruwa sai mugunya, daga mugunya sai zazzaɓi, sai warin da ya sa maƙwabcin gadonsa roƙon a sauya masa wuri. Likita ya yi faɗa. Sista ta ji kunya, ta ba da umarni a riƙa goge hannu sau biyu kafin a taɓa shi, a kuma jiƙa auduga da ruwan a bi gefen ciwon. Marini ya daina gurnani. Hawaye kawai ke gangarowa cikin kunnuwansa duk lokacin da ya ji ƙarar matsa kwalba.

Safiyar da za a shiga da shi yanka matarsa ta iso, bayan ta gama zaga asibitoci da ɗakunan ajiye gawa. Ta gan shi, ta fasa kuka, ta nufi gadon da hannu a miƙe. Sista ta tare ta.

"Dakata, baiwar Allah. Ƙazantar mijinki ce ta ci ƙafarsa, ba za ki ƙara mana taki ba." Ta cire kwalba ta miƙa mata da yatsu biyu. "Goge hannunki. In ma kin san mene ne wannan."

Marini ya hau gurnani, yana girgiza wa matar kai da ƙarfi har gadon na ƙara. Ba ta kula ba. Ta juya kwalbar a hannunta, ta share hawaye da bakin mayafi, har da ɗan murmushin alfahari.

"Haba Sista, ni za a koya wa wannan? Ai maigidan ne ke kawo muku shi. A tsakar gida muke haɗawa cikin bahon wanki: ni in jawo ruwan rijiya, shi ya zuba shuɗi da turare."