Gwiwar da Dakta Tajuddeen Ke Alfahari da Ita

Wari ne ya fara tarbar Dakta Tajuddeen tun bai gama sunkuyawa ya shiga zauren maɗorin 'Yandoto ba: warin tsohon man shanu, da jiƙaƙƙen sassaƙe, da tsummokaran da suka sha ruwan miki. Ya zaro hankici ya toshe hanci. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana aikin ƙashi a ɗakin tiyata mai sanyi da tsafta, bai taɓa zaton hidimar ilimi za ta kawo shi irin wannan wuri ba.

Abin da ya kawo shi kuwa ba ƙarami ba ne. Ya daɗe yana gudanar da bincike a wani asibiti a Gusau a kan samarin da jijiyar gwiwarsu ta tsinke a fagen ƙwallo: wa ya warke bayan tiyata, wa ya kumbura, wa ya koma fili. Ranar Asabar zai gabatar da sakamakon a gaban manyan likitoci, kuma ya riga ya yi musu alkawarin kawo hujja mai tafiya da ƙafafunta, wato Mahadi, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Nahuce, wanda wani mai tsaron baya ya kwashe a wasan da aka buga a Tsafe.

A cikin dukan waɗanda ya yi wa aiki, babu kamar Mahadi. Yana tune da ranar sarai. Ana turo masa majinyata ɗaya bayan ɗaya, a lulluɓe, gwiwa kaɗai a waje. Da ya buɗe ta Mahadi, sai ya tarar ɓarnar ba ta kai ko kusa da yadda hoto ya nuna ba. Ya yi tsaki a kan sakacin masu ɗaukar hoto, ya dasa sabuwar jijiya, ya ɗinke. Ɗinkin ya kame, ba ruwa ba kumburi.

Daga nan Sista Bara'atu, ma'aikaciyar jinyarsa, ita ke bibiya ta waya, da tambayoyin da shi da kansa ya tsara, ya kuma haramta a ƙara ko a rage. Gwiwar da aka yi wa aiki tana ciwo? A'a. Tana lanƙwasuwa? Ƙwarai. Tana ɗaukar nauyinka? Ai ita ke ɗauke da ni. Mahaifin Mahadi ya sha zuwa asibiti yana neman ganin Likita, ana ce masa ya koma gida ya jira kira, domin ba a ɓata lokacin babban likita a kan wanda ya warke.

Kwatsam sai ga labari cewa Mahadi bai koma fili ba, da sanda yake tafiya, har an kwashe shi an kai wurin ɗori. Ran Dakta ya ɓaci matuƙa. Ya san wannan mugun hali: a yi wa mutum aiki na gwaninta, ya koma gida ya miƙa shi ga masu lalatawa, sa'annan a wayi gari ana zargin asibiti. Idan gwiwar nan ta lalace, alkawarinsa ya wargaje, mutuncinsa kuma ya zube a bainar jama'a.

Maɗorin ya tafi jeji neman itace. Mahadi na kwance a kan tabarma, ya rame, an rufe masa ƙafafu da zane. Mahaifinsa, Malam Arzika, ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Likita da kanka? Sannu da zuwa, ranka shi daɗe!"

Dakta ya wuce shi kai tsaye ya nufi tabarmar. Ya durƙusa yana tattare rigarsa kada ta taɓa ƙasa, ya yaye zanen daga ƙafar dama. Ga tabonsa nan, siriri, sumul. Ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙar, ya ja, ya murɗa. Daram take, babu ko gezau. Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala da Allah Ya tsare aikinsa daga hannun jahilai.

Amma warin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ƙudaje kuma ba wannan ƙafar suke bi ba. Ya fizge zanen gaba ɗaya.

Gwiwar hagu ta kumbura kamar kabewa. An jera mata karare an ɗaure da tsumma mai maiƙo, ƙarƙashinsa kuma tsaga ce birjik, kowacce na tsatstsafo da mugunya. Dakta ya kau da kai ya tofar da yawu a hankicinsa.

"Malam, ka ga abin da ka jawo wa ɗanka? Na yi masa aikin da babu irinsa a jihar nan, ka kwaso shi ka danƙa wa wanda bai san dama da hagu ba! Ga tabon aiki ƙuru-ƙuru a wannan, ya bar ta ya kama waccan yana tsagawa kamar nama. Idan ruɓar nan ta kai ƙashi, wallahi yanke ta za a yi!"

Malam Arzika ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya dace da wanda babba ke yi wa faɗa. Bai ɗago ba sai da Dakta ya yi shiru.

"Ka yi haƙuri, Likita. Jiran kiranku munka yi har munka gaji, yaron ba shi ko barci. An gaya muna cewa bincike kuke yi, shi ya sa da munka ga kun fara gwadawa ga mai lahiyar, ba mu ce komi ba. To, tunda ta yi kyau, yaushe za a yi ma wadda ta ji ciwon?"