Gurbi Ɗaya Tak

Tana cikin wanke kwalaben gwaji a ɗakin binciken ruwa ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa. Saura wata biyu aurensu, amma yau ya kasa haɗa ido da ita.

Gurbi ɗaya tak kamfanin ya samu a horon shugabanci na mata injiniyoyi, kuma ita ta ci. Ƙanwarsa Auta, da suke sashe ɗaya, ta zo ta biyu.

"Injiniya," ya ce da muryar lallashi, "Mama ce ta aiko ni. Ta ce ki janye wa Auta."

"In janye?"

"Ke fa aure za ki yi. Ina raye, me za ki nema ki rasa?"

Ta kashe famfo, ta juyo sosai. "Kai me ka ce wa Mama?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa. "Na ce ba za ki ƙi ba."

"To, ka yi mata ƙarya." Ta cusa hannunta cikin aljihun farar rigarta. "Shekara shida ina ɗakin nan. Maza uku na koya wa aiki, yau su ke ba ni umarni. Ba da gurbin nan zan sayi shiga gidanku ba."

"Idan ta ce a fasa fa?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ran Litinin ƙarfe takwas ake farawa. Ko ka kai ni, ko in hau motar haya. Ka gaishe min da Mama."