Sandar Raliatou

Ilya ya sauko daga keken motsa jiki, ya jefar da tawul, ya ce shi da wannan abin har abada. Keke ne da ake ta murzawa ba ya zuwa ko'ina, shi kuwa injiniya ne, bai baro Damagaram ya zo Paris don a mayar da shi abin wasa ba.

Carine, mai horar da majinyata a asibitin da aka yi masa dashen huhu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce huhun da aka ba shi lafiyayye ne, ƙafafunsa ne suka mutu saboda doguwar kwanciya. In bai motsa su ba gado zai koma, kuma wannan karon ba lalle ya tashi ba.

Ya ji ta sarai. Abin da ya ƙi faɗa shi ne tsoro yake ji: da numfashinsa ya fara sama-sama sai ya tuna lokacin da yake jan iska ta bututun roba a asibiti kamar mai nutsewa. Amma Ilya ya gwammace a kira shi mai taurin kai da a kira shi matsoraci. Ya tattara magungunansa ya nufi birnin Lyon, wai hutu, wurin taubashiyarsa Raliatou, 'yar kawunsa da ke aure a Rillieux-la-Pape, a gefen birnin. Tun a waya ya gargaɗe ta: ban da zancen asibiti. Ko sunan mutum ɗaya na can bai taɓa faɗa mata ba.

A tasha ya tarar da ita tana dogara sanda, tana jan ƙafa. Faɗuwa ta yi a matakala, in ji ta, kuma an umurce ta da tafiya kullum, ga mijinta Salifou yana wuni wurin aiki.

"Allah ya kawo mini bawana," ta ce. "Gobe kai za ka riƙe mini jaka. Ko da yake na ga alama gurguwa ma ta fi ka sauri."

Tsakanin taubasai ba a fushi da irin wannan magana, ramawa ake yi. Ilya ya ja takunkuminsa ya rufe hanci, ya ce, "Gobe za ki ga sauri."

Ba ta gani ba. Kafin su kai kantin burodi ya jingina da bango yana haki, ita kuwa tana gaba kaɗan tana masa dariya. Haushi ya hana shi cin abinci. Washegari shi ya fara sa takalmi.

Haka suka dinga yi: kasuwa, filin shaƙatawa, masallaci ranar Juma'a. Duk yadda ya ƙara sauri, tana gabansa da taki ɗaya. Sandar ta yi mata tsawo, har ya tsokane ta cewa ta raƙumi aka ba ta. Wata maƙwabciya ta taɓa tsayawa baki buɗe, ta ce, "Raliatou, ke ce da sanda?" Raliatou ta katse ta da doguwar gaisuwa, ta ja shi suka wuce.

Da sanyi ya fara ja baya, ta nuna masa tudun Fourvière, ta ce lokotoro, wato likita, ya ce ta hau matakalarsa da ƙafa, amma shi ya jira ta a ƙasa kada ya suma ya ba ta kunya.

Ya hau. A tsakiyar matakala ƙirjinsa ya ɗaure, tsohon tsoron ya dawo masa gaba ɗaya. Sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayansa. A bayansa! Ya cije, ya ja numfashi, iska ta shiga har ƙasa. Shi ya fara kaiwa sama, ya tsaya yana kallon garin, yana kuka yana dariya, yana kiran ta baiwa.

Ranar da zai koma Paris a duba shi, ta rako shi da motar Salifou har bakin tasha, ta ce ƙafarta ba za ta iya matakala yau ba. Ya shiga jirgin ƙasa yana tausayinta. Sai da aka fara sanarwar tashi ya lalubi gefensa, babu komai: jakar magani tana cikin mota. Maganin da ke hana jikinsa ƙin sabon huhu ne, ba a tsallake lokacinsa.

Ya ruga bakin ƙofa. Wata mata ce ke hawo matakalar da gudu, bibbiyu, mayafi na tashi, ba sanda, ba ɗingishi. Raliatou ta cusa masa jakar a ƙirji daidai lokacin da ƙofa ke rufewa, ko haki ba ta yi, ta ce, "Rufe bakinka, bawa, ka ce wa Carine na gama aikin da ta ba ni."